Watan da Garba Bai Gani Ba

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Na tsallake shi na ba ku labarin gonarmu ta wajen Tondikandiya da shekarun da na yi ina bin motocin Baleyara da buhunan wake, ina ce wa raina abin da ya wuce a bar shi. Abin da ya dawo da ni kansa shi ne ranar sunan da aka yi a gidan babbar yayarku a Yamai. Ina kwance a ɗaki, kun ɗauka barci nake, na ji ku a tsakar gida kuna ba baƙi labarin shekarar da Baba ya ga watan mutanen sama, kuna dariya har da tafawa. Ban fito ba. Mutanen Filinge sun yi mini wannan dariyar na shanye, amma ban taɓa zaton ta shigo cikin gidana har ta samu wurin zama ba. To ku natsu ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka yi wa.

Gidanmu ba na sarauta ba ne, ba na malanta ba, ba kuma na dukiya ba. Abu ɗaya muka gada, shi ne ido. Kakana mai duban wata ne, ubana ma haka. In Sha'aban ya zo ƙarshe, ko azumi ya kai gaɓa, mu ake jira. Mu hau dutsen da ke bayan gari kafin faɗuwar rana, mu tsaya inda babu bishiyar da ke tare yamma, mu duba. In mun gani mu sauko mu faɗa wa liman, liman ya aika fada, a buga wa Yamai waya, mai shela ya zaga gari. Ba a biyanmu, ba mu kuma taɓa nema ba. Ladan aikin shi ne in ka buɗe baki gari guda ya ɗauki azumi ko ya ajiye a kan maganarka. Ubana ya koya mini yadda ake auna tazara da yatsu daga inda rana ta faɗi, da yadda ba a ƙura wa wuri ido sai a bi ta gefe. Ranar da ya fara bari na hau ba tare da shi ba, ya riƙe mini hannu a ƙofar gida ya ce:

"Isuhu, in ka gani ka ce ka gani. In ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Kak ka ƙara kome bisa, ko wa yat tambaye ka."

Shari'a ba ta karɓar shaidar mutum ɗaya a kan wata, sai adilai biyu. Saboda haka kowane mai duba yana da abokin hawa, nawa kuwa Garba tela ne. Tare aka yi mana kaciya, tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, tare muka gudu daga cikinta. Idonsa bai kai nawa ba, amma in na nuna masa da yatsa yakan kama. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Garba zai sa mutum dariya a gidan makoki. Sai dai akwai abin da na sani game da shi tun muna yara, ban kuma ba shi muhimmanci ba: yana son a yi dariya da maganarsa, amma ba ya iya jure a yi dariya da shi. Mun yi furfura muna hawan dutsen nan tare, tsohon liman bai taɓa sa mu maimaita magana ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Idi mai shagon cajin waya na kusa da tasha ya sayo faranti mai kama rana da parabol mai jawo tashoshi da tele babba, wato talabijin. Bazara ce, babu aikin gona, zafi kuma ya hana kowa sakat. Sai fadarmu ta dattawa ta tashi daga gindin darbejiya ta koma rumfar Idi. Bayan la'asar ana nuna wani wasa mai dogon zango, na wani jirgi mai girman gari da ke yawo tsakanin taurari, mutanen cikinsa suna sauka duniya bayan duniya suna cin karo da halittu iri-iri. Da faransanci suke magana, ni kuma da ɗan abin da na tsinta a lakwal da tasha nake juya wa sauran. Ba zan ɓoye muku ba, wasan ya shiga raina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon sama daga ƙasa, yau ga wasu sun shiga cikinta suna leƙa abin da ke bayan kowane haske. Ko kira aka yi mini daga gida sai an gama nake tashi.

Daɗin abin ba kallon ba ne, gardamar da ke biyo baya ce. Da Idi ya kashe tele, a ɗora shayi na biyu, fada ta rabu gida biyu, masu cewa zai yiwu da masu cewa zuƙi ta malle ce. Garba ne sarkin masu ƙaryatawa, ko da yake bai taɓa fashin zuwa ba, shi ke fara kama kujerar gaba.

"Ku duba hwa," in ji shi, "jirgi kamar Filinge dut da kasuwa tai, ba tasha, ba mai saida esansin mota bakin hanya. Kuma dut wanda sunka iske can, ko mai kan ƙadangare na, faransanci nai ya hi na prefe mai mulkin gari."

Na yarda masa da wannan. Faransancin aikin masu shirya wasan ne, fuskokin kuma roba ce, ko yaro ya gane. Amma da muka zo kan na'urar da ke tatsar ruwa daga iska sai na ƙi. Na tambaye shi ko bai taɓa shafa ganyen wake da asuba ya ji hannunsa ya jiƙe ba, ruwan nan daga wace rijiya ya fito?

"Raɓa ta taɓa cika ma tulu?" ya ce. "In ta cika, gobe in sai da jakina na ɗibar ruwa."

Haka muke. Ranar da aka nuna mutanen da ke kwanciya cikin akwatin sanyi su yi barcin shekaru aru-aru su farka ba su tsufa ba, ni ina tunanin kwaɗin da ke binne kansu cikin busasshen tabki har damina ta tashe su, Garba kuwa lissafin ramuwar salla yake musu. Wani ya ce in suna da dabarar ƙetare taurari, me ya sa in faɗa ya tashi sai su koma dambe? Wani ya ce bai taɓa ganin an yi shara a jirgin ba, kuma babu ƙuda ko ɗaya, don haka ƙarya ce. Mukan tashi da kiran magariba murya ta dishe, ba wanda ya ci wani, kowa yana ɗokin gobe. Ban taɓa jin daɗin tsufana kamar a wannan bazarar ba.

Sai ranar da jirgin ya sauka a wata duniya mai wata biyu, babba ja da ƙarami fari, suna tsaye tare a sama. Fada ta yi tsit, don abin ya yi kyau ƙwarai. Garba ya juyo ya dafa gwiwata.

"To Isuhu, aiki ya same ka. Wata biyu. Da wane za su ɗaukar azumi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce in akwai su, Wanda ya halicce su ba zai bar su ba hanya ba, za su san nasu watan, su samu mutum biyu su hau musu dutse kamar mu.

"Kana nuhin akwai su ke nan?"

"Ban ce akwai ba," na ce. "Amma tun ina yaro nike kallon sama. Yawan taurarin ga bai yi min kama da gidan da ba kowa ciki ba. Ba ni iya cewa babu."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban san wani daga cikin masu jiran cajin waya ya ɗauki muryarmu ba. Kafin mako ya zagayo ta shiga kowace waya a ƙasarmu ta Kurfai, ta je Yamai, ta je wurin 'yan ci-rani a Kwatano ta dawo. Kowane baki ya ƙara mata gishiri. A kasuwa aka ce Isuhu ya ce akwai Musulmi a taurari. A bakin famfo aka ce ya ce yana ganinsu in ya hau dutse. Na ji, na yi murmushi, na ɗauka wasa ne da zai mutu da kansa.

Yammacin da za a dubi watan azumi, hadari ya taso daga gabas ya wuce ta kanmu bai zuba ba, ya je ya tare yamma. Waɗanda suka saba bin mu suka dubi sama suka ce wahalar banza ce, suka tsaya gindin dutse suna jiran abin da rediyo zai ce. Ni da Garba muka hau. Rana ta faɗi cikin gajimare, muka yi salla a kan dutse, muka ci gaba da tsayuwa. Har na fara naɗe buzuna sai gajimaren ya tsage daga ƙasa, wata 'yar kafa ta buɗe mai launin ruwan goro. Ga shi nan a ciki, siriri, a kishingiɗe, ƙahonsa na dama ya ɗan fi tsawo. Na kama kafaɗar Garba na miƙa yatsa. Na ji jikinsa ya ƙame, na ji ya yi kabbara a hankali, ya karanta addu'ar ganin wata tare da ni har ƙarshe. Sannan kafar ta rufe. Muka sauko da sauri, gwiwoyina suna ciwo ban ko kula ba.

Tsohon liman ya rasu shekara guda kafin wannan, ɗansa ne ke kan buzu, mutum mai karatu da natsuwa, sa'ar babban wanku. Ba na riƙe shi da mugunta har yau. Ƙofar gidansa cike take da jama'a. Muka yi sallama, aka buɗe mana hanya, na durƙusa na ce, Allah gafarta Malam, mun ga wata. Kafin liman ya amsa, wata murya daga baya ta ce:

"Wane ciki? Jan ko hwarin?"

Dariya ta tashi kamar an watsa wa kaji tsaba. Dattawan da na yi wa shaida shekara da shekaru suna rufe baki da hannun riga. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dube ni da ladabi ya ce:

"Baba Isuhu, ba mu tuhumar ka. Amma mutane sun ji wata magana cikin waya, zukata sun yi rauni. Azumin gari guda na za a ɗora bisa bakinka. Ka hwaɗa musu nan cewa wasa na kay yi, ba kowa can sama, sai mu ci gaba."

Ya buɗe mini ƙofa ce, na sani. Kalma ɗaya ake nema, babu. Na buɗe baki zan faɗe ta, sai na ga abin da ake so in yi. Ana so in ba da shaidar abin da ban gani ba, don a karɓi shaidar abin da na gani. In na iya cewa babu a kan abin da idona bai kai ba saboda jama'a na so, gobe me zai hana in ce na ga wata saboda jama'a sun gaji da azumi? Na ce:

"Allah gafarta Malam, wasan tele ƙarya ta, roba ta, kowa ya sani. Amma abin da ke bayan taurari ban je ba, ban gani ba. Ba ni cewa akwai, ba ni cewa babu. Wata kau na gan shi."

Aka yi guna-guni, wasu suka sake tuntsirewa. Liman ya yi ajiyar zuciya ya juya wajen Garba, don in Garba ya ce ya gani, mu biyu ne, shari'a ta cika, dariyar kowa ba ta da amfani. Na juya ni ma. Garba bai dube ni ba. Yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana auna inda iska ta nufa.

"To, Malam," ya ce, "ya nuna min wuri, na ga wani ɗan haske. Ko wata na, ko bakin hadari na, Allah shi as sani. Kun san ni idona na duniya ɗaya na."

Wannan karon dariyar tasa ce, har da masu buga cinya. Liman ya ce shaida ba ta cika ba. Daga baya rediyo ya ce ba a ga wata ko'ina ba, a cika Sha'aban. Na tashi na kaɗe rigata. Babu wanda ya tare ni, babu wanda ya raka ni.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, tana zaune bakin murhu, ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Malam, kalma guda. Mi za ka rasawa in ka hwaɗe ta? Mutanen saman nan dangin uwarka na ko na ubanka?"

Na ce mata ba don su na ƙi ba. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ba ta haushi. Ta yi ta faɗa, ta ce na sayar da mutuncin kakana a kan wasan yara, ta ce gobe ita ce za ta je famfo ba ni ba. Da ta gaji sai ta tambaye ni ko da gaske na gan shi. Na ce na gan shi. Ta miƙe ta ɗauko gero ta jiƙa. Wanda ya ga wata shi kaɗai azumi ya hau kansa ko an ƙi shaidarsa, ita kuwa bai hau kanta ba, amma ta tashi sahur tare da ni. Washegari gari yana ci yana sha, maƙwabta suna aiko mana da fura da gangan a ce a gaishe da mutanen sama, mu biyu muna zaune da baki a bushe cikin zafin bazara. Ku kuna Yamai kuna karatu da aiki, ba ku ga fuskarta ranar ba.

Na sa rai ƙarshen wata zai raba gardama. Da an ga watan Salla azumin gari bai kai ashirin da tara ba, da kowa ya san sun makara. Sai aka gan shi daidai ranar da su suka cika ashirin da tara, ni na cika talatin. Lissafinsu ya yi, nawa ma ya yi. Allah bai ba ni hujja ba, bai kuma kunyata su ba. Waɗanda suka hau dutse suka gano watan Sallar kuwa Garba ne da wani ƙanen ladan. Ba wanda ya ce mini kada in hau. Ba a aiko ba ne kawai, kuma ba a sake aikowa ba.

Ku fahimci abin da aka ƙwace mini, don ku kuna ganin kamar hawan dutse ne kawai. Bayan wannan shekarar, in ana rikicin iyakar gona aka ce Isuhu yana nan lokacin da aka kafa dutse, sai wani ya yi murmushi a nemi wani. In ana ɗaurin aure ana neman shaidu, ido ya tsallake ni. Ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba, da an faɗa da na samu abin da zan amsa. An mayar da ni abin nishaɗi ne, mutumin kirki mai 'yar taɓuwa. Na daina zuwa rumfar Idi. An ce mini wasan ya ci gaba har jirgin ya koma gida, Garba yana kujerar gaba yana ƙaryatawa. Ni ban san yadda ya ƙare ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke mini ciwo, ko da za ku yi dariya. Da Garba kuwa muna gaisawa a masallaci da jana'iza. Ya zo ta'aziyyar mahaifiyarku ya zauna cikin jama'a ya tafi cikin jama'a. Bai taɓa yarda mun haɗu mu biyu ba.

Bara ciwo ya kwantar da Garba, ya aiko babban ɗansa Musa, wanda yanzu shi ne na'ibin liman, ya ce yana son ganina. Na kwana ina juya abin, sannan na sa rigata na tafi. Na tarar ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Musa ya shimfiɗa mini tabarma ya zauna daga bakin ƙofa. Muka gaisa, muka yi maganar damina da tsadar taki. Na ga yadda Allah ya tsara zaman: ga ni, ga shi, ga na'ibin liman yana ji. Sai Garba ya ce wa ɗansa ya je ya kawo wa baƙo ruwa mai sanyi, na randar cikin gida, ba na nan ba. Ya saurara har ƙarar takalmin Musa ta ɓace, sannan ya jawo hannuna.

"Ƙahon dama ya hi tsawo," ya ce. "A kishingiɗe shike. Na gan shi, Isuhu. Ban taɓa ganin wata sarai kamar wannan ba."

Na ce na sani. Na ce ga Musa nan tafe, ya maimaita a gabansa, ba na neman komai bayan wannan. Ya riƙe hannuna da ƙarfi, idonsa ya cika da hawaye. Na yi zaton zai yi.

Musa ya shigo da kwanon ruwa ya durƙusa ya miƙo mini, ya tambaya ko lafiya ya ga idon tsohon ya yi ja. Garba ya saki hannuna, ya share fuska da bakin zane, ya yi 'yar dariyar nan tasa.

"Gardamar mutanen sama muka yi ni da babanka Isuhu," ya ce. "Har yau bai bari ba."

Musa ya yi dariya. Na karɓi ruwan na sha, na yi musu sallama. Ran Juma'ar da ta biyo muka kai Garba makwancinsa, ina sahun gaba.